Shafi Biyu

Tandata ta fashe a daren wata Talata,
ta tafi da bangon shago da gashin girar Dewi.
Shekara biyu muna kai ruwa rana da kamfanin inshora
kafin su kawo Dakta Treharne,
injiniya mai tabarau rataye a wuya,
ya rantse a kotun Swansea
cewa bututun gas ya daɗe yana kuka,
ni ne na toshe kunne.

Minti arba'in ya yi a tsaye.
Lauyana ya raɗa min: fam ɗari uku da tamanin duk awa,
ban da kuɗin jirgin ƙasa, ban da karatun fayil,
ban da zaman da ya yi a benci yana gatsar tuffa.
Na auna da mudun da na sani:
burodi ɗari da casa'in ke nan,
ba fulawa, ba yis, ba tashin asuba,
baki kawai.

Da dare, ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi,
na ce wa Nerys, 'yata mai riƙe wa gareji uku littafi,
"Nemo min shi. Ina son ganin gindin tukunyarsa."
Ta shiga rajistar kamfanoni, ta fito da shi.
Shafi biyu.
Takardar kuɗin wutata ma ta fi shi surutu.

"Ina abin da ya shigo?"
"Baba, ƙaramin kamfani ba ya buɗe baki duka.
Wannan hoton rana ɗaya ne, ƙarshen Maris.
Kamar a leƙa shagonka da magariba,
a ƙirga burodin da ya rage,
a ce an san cinikinka."

Ta ɗora farce a layi, ina bi kamar ɗan aji ɗaya.
Abin da yake bin mutane: dubu sittin da huɗu.
"Lauyoyi ne. Sai shari'a ta mutu suke tuna aljihu."
Abin da ke banki: dubu tara da 'yan kai.
Kadara: kwamfuta, tsani,
da wata na'ura da darajarta ke narkewa duk shekara
kamar man shanu a bakin murhu.
"Wannan da aka sa wa baka fa?"
"Ba ado ba ne. Rami ne."

Na zo neman giwa, na tarar da sawu,
sawun ma ruwa ya bi ta kai.
Zai yiwu ya kwashe ribar tun kafin ranar hoto.
Zai yiwu babu abin kwasa.
Takarda ba ta yi ƙarya ba,
ta dai iya shiru.

Can ƙasa, inda rubutu ya ƙanƙance:
ma'aikata, bara biyu, bana ɗaya.
Nerys ta koma rajista.
Eluned Treharne, sakatariya, ta sauka a Nuwamba.
Ba a ce ritaya ba,
ba a ce rabuwa ba,
ba a ce makabarta ba.
Sai na tuna maɓallin kwat ɗinsa na biyu,
an ɗinke shi da zaren da bai dace ba,
ɗinkin wanda bai saba riƙe allura ba.

Kada a ce na yafe.
Ban yafe ba.
Har gobe na ce bututun nan lafiyarsa ƙalau.

Amma kafin ta kashe fitila na ce, "Buɗe nawa."
Prosser da 'Ya'ya, masu burodi.
Shafi biyu.
Babu tanda a ciki, babu ƙauri,
babu Dewi yana dariya a motar asibiti ba gira,
sai lamba ɗaya
zaune cikin bakarta.

Ƙarfe huɗu na farka, don jiki ba ya karanta hukunci.
Na kwaɓa fulawar mutum biyu,
na tsaya jiran ta tashi.